Jajen Kyanwa a Ƙasar Ruma

Kyanwa, wadda wasu ke kira mage, wasu kuma mussa, ita ce dabbar da ta fi kowace kusa da ɗakin Bahaushe, ita ce kuma ba a lissafawa cikin dukiyarsa. Shanu suna garke, akuya tana turke, kaji suna akurki, jaki yana ƙofar gida. Kyanwa kaɗai ke shiga har ƙuryar ɗaki ta miƙe a kan buzun salla ko a gefen gadon tsohuwa, ba mai ce mata tashi. Ranar da ta mutu kuwa, babu mai ɗaga ƙafa ya zo jaje. A ƙauyukan Batsari da Safana, inda aka shafe shekaru ana binne mutane saboda hare-haren 'yan bindiga, wanda ya furta cewa mutuwar kyanwa ta dame shi sai an sake dubansa. Amma baƙin cikin yana nan. Yana da dalilai, yana da alamomi, kuma addinin mutanen yankin ya daɗe da nuna yadda ake tarbar mai shi.

Batsari tana kudu maso yammacin birnin Katsina, tana iyaka da Jibiya da Safana da jihar Zamfara, Dajin Rugu kuma ya rungume ta daga yamma. Hakiminta shi ne Sarkin Ruma, na Safana kuma Yariman Katsina. Ƙasa ce ta noma: gero, dawa, wake, gyaɗa, ga rogo da dankalin da suka yi suna, waɗanda ake lodi a kasuwar Batsari ran Alhamis. Duk gidan da ke da rumbu yana da ɓera, shi ya sa gidaje da yawa ba sa rabuwa da kyanwa. Ba a ɗaure ta, ba a yi mata kiwo, abincinta ragowar tuwo ne da ɗan kan kifi da abin da ta kamo da kanta. Aikinta shi ne tsaron hatsi daga kaka zuwa bazara, kuma aiki ne da ya shafi lafiya ma. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na ƙasar Borno, ɓera ne ke yaɗa shi ta fitsari da kashinsa a kan abinci, kuma cikin shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke bayarwa don rage ɓeraye a gida har da ajiye kyanwa.

Wannan zama ya daɗe ƙwarai. Masana sun tabbatar cewa kyanwar gida ta fito ne daga kyanwar daji ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, wadda ta matso kusa da mutane lokacin da suka fara tara hatsi, ɓeraye suka biyo hatsin. A 2004 masu tonon kayan tarihi suka ba da labarin wani kabari a tsibirin Kubrus, mai shekara kusan 9,500, inda aka binne mutum da kyanwa dab da juna. Herodotas, marubucin tarihi na Girka a ƙarni na biyar kafin haihuwar Annabi Isa, ya rubuta cewa mutanen Masar na zamaninsa, idan kyanwa ta mutu a gida, sai duk mutanen gidan su aske girarsu don nuna juyayi. Babu wanda zai nemi Bakatsine ya aske gira. Abin da labarin ke nunawa kawai shi ne jin zafin rabuwa da wannan dabba ya girmi duk wata al'adar birni da za a ce an kwaikwayo daga Turawa.

A gidan Bahaushe ba kowa ne ke shaƙuwa da kyanwa ba. Maigida yana gona ko kasuwa, saninsa da ita bai wuce ya ga ɓeraye sun ragu ba. Masu shaƙuwa da ita su ne masu yinin gida. Akwai tsohuwar da mijinta ya rasu, 'ya'yanta maza suka tafi ci-rani Legas ko Abuja, matan suka yi aure, ɗakinta ya yi shiru. Akwai amaryar da aka kawo daga wani ƙauye, ba ta saba da kowa ba tukuna, tana jin nauyin uwar miji da facaloli. Akwai kuma yara, musamman wanda ba ya iya shiga cikin sa'o'insa saboda ciwo ko naƙasa. Ga waɗannan, kyanwa tana cikin tsarin yini tun daga asuba. Ita ce ke fara goga jiki a ƙafar tsohuwa idan ta fito alwala, ita ce ke zaune gefen murhu lokacin ɗumame, da sanyin hunturu kuma ita ce ke kwanciya a kan ƙafafunta. An yi mata "mus-mus" ta zo, an yi mata faɗa ta kau da kai, an yi mata magana ta saurara ba ta kai wa kowa. Kyanwar da ta samu kulawa tana iya kai shekara 12 zuwa 15, wato yaron da aka haifa ya tarar da ita zai iya shiga sakandare tana nan. Hausawa sun ce sabo ake yi wa kuka, kuma ba su ce sai sabo da mutum ba.

Alamomin wannan baƙin ciki ba su da bambanci sosai da na kowane rashi, sai dai a nauyi da tsawon lokaci. Mai shi yakan ji kamar kukan kyanwar a bayan ɗaki, ya waiga bai ga komai ba. Hannu yakan gutsuri tuwo ya ajiye a ƙasa kafin tunani ya dawo. Barci yakan yi wuya a daren farko da na biyu, abinci ya fita rai, yaro ya daina wasa ko ya riƙa fushi ba dalili. Abin da ya fi daɗewa shi ne zargin kai: da an rufe rijiyar, da ba a sa maganin ɓeran ba, da an lura tun jiya cewa ba ta ci komai ba. Ga mafi yawan mutane abin yana lafawa cikin kwanaki ko 'yan makonni. Inda ya ƙi lafawa, galibi akwai wani rashi mafi girma a ƙarƙashinsa wanda mutuwar kyanwar ta fama.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga yi wa mutum jaje kan dabba. Idan saniya ta faɗi, ko aka kore wa mutum garke, ko annoba ta share masa kaji, maƙwabta sukan shigo su ce Allah ya mayar da alheri, Allah ya sa iyakar wahalar ke nan. Amma idan aka duba da kyau, abin da ake yi wa jajen shi ne kuɗin da ya salwanta. Saniya tana da farashi, kyanwar ƙauye ba ta da shi. Ba a kai ta kasuwa, ba a fitar mata da zakka, ba a sa ta cikin gado, kyauta ake bayar da 'ya'yanta. Hukuma ma haka take lissafi. Lokacin da gwamnatin jihar Katsina ta Aminu Bello Masari ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin wasu ƙananan hukumomi a 2021, har da Batsari da Safana, shanu da tumaki da awaki ake nufi, domin su ne dukiyar da ɓarayin daji ke nema. Abin da ba shi da farashi ba ya shiga kowane lissafi, don haka rashinsa ma ba ya shiga. Tsohuwar da ta share hawaye don kyanwarta ba za ta ji "sannu" ba, abin da za ta ji daga jikokinta shi ne, "Haba Kaka, kyanwa ce fa!" Wani masani ɗan Amurka, Kenneth Doka, ya yi bayani a 1989 kan irin baƙin cikin da jama'a ba su yarda mai shi yana da haƙƙin yi ba. Ya nuna cewa wanda aka hana shi bayyana damuwarsa ba ya daina jinta, ɓoyewa kawai yake yi, kunya ta ƙaru a kan ciwon.

Camfi ya ƙara wa lamarin nauyi. Har yanzu akwai masu ganin baƙar kyanwa su ce aljani ne, akwai masu jin kukan maguna da dare, wanda yakan yi kama da na jariri, su ce maita ce. Kukan nan na neman barbara ne, ko na faɗan muzurai kan yanki. Amma inda camfin ya yi ƙarfi, tsohuwar da ke zaune ita kaɗai da kyanwa tana cikin haɗarin a yi mata mummunan zato, kuma idan ta nuna damuwa da mutuwarta sai masu tsegumi su samu abin faɗa. Wannan zalunci ne, kuma masu rauni yake faɗa wa, waɗanda ba su da mai tsaya musu.

Hujja mafi ƙarfi da ake kawowa a wannan yanki ita ce halin da ake ciki: ana ta kai, wa yake ta kaya? Ba hujja ce da za a yi wa riƙon wasa ba. A watan Mayun 2019 an kashe manoma 18 a 'Yar Gamji. A watan Fabrairun 2020 an kai hari Tsauwa da Dankar, aka kashe mutum 30, aka ƙone gidaje da abinci. Ƙauyuka da dama sun watse, mata da yara suka cika makarantu da kangaye a cikin garin Batsari, wasu suka wuce Katsina ko Dutsin-ma, wasu suka tsallaka iyaka zuwa jihar Maraɗi. A watan Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Batsari da Safana, ta yadda mutum ba ya ma iya kiran ɗan'uwansa ya ji ko ya kwana lafiya. Wanda ya wanke gawar ɗansa, ko ya sayar da gonarsa ya biya kuɗin fansar matarsa, yana da uzuri idan maganar kyanwa ta ɓata masa rai. Ran mutum ba shi da na biyu, kuma wanda ya je gidan makoki ya kawo zancen dabbarsa ya yi rashin hankali.

Sai dai zuciya ba ta bin layi wajen jin ciwo. Masu aiki da 'yan gudun hijira a ƙasashe daban-daban sun saba ganin mutumin da ya daure wa babban rashi, idonsa a bushe, sai wani ƙaramin abu ya karya shi daga baya. Yarinyar da aka kashe mahaifinta, ta ga manya sun yi shiru ita ma ta yi shiru, tana iya fashewa da kuka wata uku bayan haka saboda 'yar kyanwar da ta tsinta a sansani ta mutu. Wanda ya daka mata tsawa a ranar, yana cewa ba ta yi wa ubanta kuka haka ba, bai fahimci abin da yake gani ba. Kukan uban ne ya samu ƙofar fita. A yankin da yara suka ga abin da bai kamata su gani ba, yaron da har yanzu mutuwar dabba ke sa shi hawaye yana da wani abu mai daraja da ya rage masa, kuma aikin manya ne su tsare masa shi.

Akwai kuma rashin da gudun hijira kansa ke jawowa. Idan aka tashi gudu da tsakar dare ana ɗaukar yara, in da hali a kora akuya. Kyanwa ba ta koruwa. Dabba ce mai riƙe wuri, idan ta firgita ɓuya take yi a saman rumbu ko cikin dangar kara, ba ta bin ayari. Don haka a baya ake barinta. Mai ita ba ta ga gawa ba, ba ta san ko yunwa ta kashe ta ba, ko wuta, ko tana nan tana zagaya kangon gidan. Wata masaniya 'yar Amurka, Pauline Boss, wadda ta fara bincikenta a shekarun 1970 kan iyalan sojojin da suka ɓace a yaƙin Biyetnam, ta nuna cewa rashin da ba a tabbatar ba yakan fi wuyar warkewa, domin zuciya ba ta san ko ta yi haƙuri ko ta ci gaba da jira ba. Iyalan waɗanda aka sace zuwa daji sun san wannan azaba a mafi munin siffarta. Ta kyanwa ƙarama ce ƙwarai idan aka gwada, amma ga tsohuwar da ta baro ɗakin da ta yi shekara arba'in a ciki, kyanwar da gidan abu ɗaya ne, tambayar ɗaya tambayar ɗayan ce. A birnin Halab na Siriya, lokacin yaƙi, wani direban motar ɗaukar marasa lafiya mai suna Muhammad Alaa Aljaleel ya yi suna a duniya saboda tattara magunan da masu gudu suka bari, yana ciyar da su, yana kuma ci gaba da kwasar mutanen da suka ji rauni. An ragargaza wurin da yake ajiye su a 2016, ya sake kafa wani a wajen birnin. Tausayin dabba bai rage masa tausayin mutum ba ko kaɗan.

Ga al'ummar Musulmi mabiya mazhabar Malikiyya, kamar mutanen Batsari da Safana, matsayin kyanwa a addini a bayyane yake. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik, littafin da ake karantawa a zaurukan malamai a duk ƙasar Katsina, an ruwaito cewa sahabi Abu Ƙatada ya karkata wa kyanwa ƙwaryar ruwan alwalarsa har ta sha, matar ɗansa Kabsha tana kallo da mamaki, ya shaida mata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana cewa kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai da kawowa a tsakanin mutanen gida. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda ta kulle kyanwa, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba har ta mutu. Sahabin da ya fi kowa yawan ruwayar hadisi, fiye da 5,000, duniya ta san shi ne da alkunyar da ya samu saboda 'yar kyanwar da yake ɗauka, wato Abu Huraira. Duk ɗalibin Islamiyya ya san waɗannan.

Wanda ba a cika kawowa ba, alhali shi ya fi dacewa da maganar jaje, shi ne hadisin Abu Umair, ƙanin Anas ɗan Malik. Yaro ne ƙarami, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, tsuntsun ya mutu. Annabi ya shigo gidan ya ga yaron a cikin damuwa, ya tambayi abin da ya same shi, aka gaya masa. Bai ce tsuntsu ne kawai ba. Ya kira yaron da alkunya kamar yadda ake kiran manya, ya tambaye shi labarin tsuntsun cikin raha da lallashi. Wannan shugaba ne da ke ɗauke da nauyin al'umma, wanda ya binne sahabbansa a Uhudu, ya binne 'ya'yansa na cikinsa, amma ya ga baƙin cikin yaro kan tsuntsu ya isa a tsaya a kansa. Malamai sun ɗauki hadisin da muhimmanci, har Ibn Hajar ya kawo a Fathul Bari cewa wani malamin Shafi'iyya, Ibnul Ƙass, ya fitar da fa'idoji sittin daga cikinsa. Duk wanda ke ganin yi wa yaro ko tsohuwa jajen kyanwa wauta ce, ga abin koyi nan a gabansa.

Adabin Musulunci ma bai ji kunyar abin ba. Ibnul Allaf, makahon mawaƙi na Bagadaza wanda ya rasu wajen shekara ta 318 bayan hijira, ya yi wa muzurunsa marsiyya mai baiti fiye da sittin. Muzurun ya saba shiga ɗakin tattabarun maƙwabta yana cin 'ya'yansu, suka kama shi suka kashe. Ibn Khallikan ya kawo labarin a littafinsa na tarihin mashahuran mutane, Damiri ma ya kawo shi a Hayatul Hayawan. Wasu sun ce a fakaice yake yi wa Ibnul Mu'utazz kuka, yariman Abbasiyawa da aka kashe, don yana tsoron ambaton sunansa. Ko wanne ne gaskiya, masana sun adana waƙar a matsayin ɗaya daga cikin kyawawan marsiyyoyi, ba wanda ya ce ta zubar da mutuncin mai ita. A Alƙahira kuma an ruwaito cewa Sarki Baibars, wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277, ya yi waƙafin wani lambu don ciyar da magunan da ba su da masu su.

Addini ya sa iyaka, kuma iyakar a fili take. Ba a yi wa dabba wanka, ko likkafani, ko salla. Ba a zaman makoki dominta, ba a sadakar uku ko bakwai. Kururuwa da marin fuska da maganar da ke nuna rashin yarda da ƙaddara an hana su ko a kan mutum, balle dabba. Abin da ba a hana ba shi ne hawaye da jin zafi a zuci. Jajen da ya dace bai fi kalma biyu ba: "Sannu Inna, ashe abin da ya faru ke nan. Allah ya ba ki haƙuri, ya ba ki ladan ciyar da ita." Addu'ar tana da tushe, domin hadisin mutumin da ya shayar da kare mai ƙishirwa ya tabbatar da cewa akwai lada a kyautata wa duk mai rai.

Yara sukan yi tambayoyi masu wuya, kuma gaskiya ce ta fi yi musu amfani. Yaron da bai kai shekara biyar ko shida ba bai gama gane cewa mutuwa ba ta da dawowa ba, don haka idan aka ce masa kyanwar ta tafi yawo zai yi ta leƙen ƙofa, idan aka ce barci take yi yana iya tsoron barci. A ce masa ta mutu, ba za ta dawo ba, ba ta jin ciwo yanzu, kuma ba laifinsa ba ne. Idan ya tambaya ko zai gan ta a lahira, aya ta 38 ta Suratul An'am ta nuna cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne kamar mutane, kuma za a tattara su zuwa ga Ubangijinsu. Malaman tafsiri da yawa sun ce bayan an yi hisabi a tsakaninsu za su koma ƙasa, wasu malaman kuma sun tunatar cewa ɗan Aljanna yana samun abin da ransa ke so. Ya isa a gaya wa yaro cewa Wanda ya halicce ta bai manta da ita ba.

Da yawa daga cikin mace-macen kyanwa ana iya kauce musu, kuma sanin sababinsu yana rage zargin kai. Na farko shi ne guba. Shinkafar ɓera da sauran magungunan da ake sayarwa a ƙulle a kasuwa suna kashe kyanwa ta hanya biyu: ta ci abincin da aka barbaɗa wa, ko ta ci ɓeran da ya ci. Gidan da ke da kyanwa tarko ya kamata ya yi amfani da shi, kuma maƙwabcin da zai sa magani ya kyautu ya faɗa. Fiya-fiya da magungunan feshin wake da na kaskar shanu ma haɗari ne, domin kyanwa tana lashe jikinta, duk abin da ya taɓa gashinta cikinta zai shiga. Akwai kuma kashewa da kyakkyawar niyya: mutum ya ga kyanwarsa ba lafiya ya jiƙa mata farasitamol. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa wannan magani, ƙwaya ɗaya ta isa ta kashe ta. Ɗura madara ko manja ba ya karya guba. Abin yi shi ne a nemi ma'aikacin lafiyar dabbobi da gaggawa, a tafi da takardar maganin da ake zargi.

A nan ma akwai giɓi. Aikin likitancin dabbobi a Arewa an gina shi ne a kan dabbobin da ke da kuɗi. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom, wadda take can tun 1924, yaƙi da cutar bushiya ta shanu ne ya kafa ta, kuma har yau malamin dabbobi a ƙaramar hukuma shanu da awaki da kaji ya fi sani. Tsangayoyin likitancin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato suna da asibitocin da ke duba karnuka da maguna, amma tsohuwar da ke Wagini ko Runka ba za ta kai kyanwa can ba. Abin da zai yiwu shi ne a riƙa haɗa maguna a duk lokacin da aka fito rigakafin ciwon haukan kare, domin kyanwa ma tana kamuwa, tana kuma iya sa wa mutum ta cizo ko yaƙushi. Wanda dabbar da ake zargi ta ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, ya tafi asibiti a ranar.

Sauran sababan mutuwar kyanwa sanannu ne: rijiya marar murfi, mota da babur, karnuka, da maƙwabcin da ya gaji da asarar 'yan tsaki ko tattabaru. Wannan na ƙarshe, irin wanda ya sami Ibnul Allaf, shi ya fi ɓata zumunci, domin baƙin ciki ne haɗe da fushi. Mai tattabaru yana da haƙƙi, kuma mai kyanwar da ta zama ɓarauniya wajibi ne ya ƙosar da ita, ya rufe ta da dare, ya biya abin da ta ɓata. Amma sa guba a ɓoye ba ya tsayawa kan kyanwa ɗaya, yana iya kaiwa ga kaji, da akuya, da yaro mai rarrafe. Dattawan unguwa da ke sasanta rikicin akuyar da ta shiga gona suna iya sasanta wannan ma.

Gawar kyanwa ba ta dace da bola ko kwata ba. A haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya, a sa leda a hannu wajen ɗauka, a binne, a wanke hannu da sabulu. Idan guba ce ta kashe ta wannan ya zama dole, don kare ko ungulu ko shaho da ya ci naman shi ma zai mutu. Barin yaro ya tsaya a wurin, in yana so, yana taimaka masa ya yarda cewa abin ya faru. Idan kuma aka ga makonni sun shuɗe tsohuwa ba ta cin abinci, ba ta barci, ta daina shiga mutane, ko yaro ya koma fitsarin kwance da firgita, to lamarin ya wuce na kyanwa, a kai shi asibiti a yi wa ma'aikacin lafiya cikakken bayanin duk abin da gidan ya gani.

Maganar maye gurbi ita ce ta ƙarshe da ke tasowa, kuma gaggawa a cikinta kuskure ne. Mutane sukan kawo wata 'yar kyanwa washegari da nufin share hawaye, mai rashin kuwa ya ji kamar an ce wadda ta mutu ba komai ba ce. Gara a bari sai shi ya nema. Akwai dalilin lafiya ma: wata cuta mai sa amai da zawo, wadda ke kashe 'ya'yan kyanwa cikin 'yan kwanaki, ƙwayarta tana iya zama a ƙasar ɗaki da kwanon abinci har kusan shekara, don haka gidan da ta yi ɓarna a cikinsa yana bukatar wanki sosai, da rigakafi ga sabuwar in ana samu. Kyanwa tana ɗaukar ciki kwana 63 zuwa 65, tana haihuwa fiye da sau ɗaya a shekara, saboda haka 'ya'ya ba sa wuyar samu a maƙwabta, kuma karɓarsu ya fi a zuba su a buhu a kai bayan gari kamar yadda wasu ke yi. Kada a raba 'yar da uwarta kafin ta kai wata biyu. Idan aka kawo ta, a tsare ta a ɗaki ɗaya na mako biyu ko uku, ana ba ta abinci da ruwa a wuri guda, har ta san ƙamshin gidan da muryar mai ita kafin a bar ta ta fita tsakar gida.